Kwikwiyona na ta dalalar da miyau tun shekaranjiya, famfara ce ko wani abu ne daban?

Sadiq_Rikkos:

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Dan Allah masu kiwon karnuka, da likitocin dabbobi in akwai su a nan, ku taimaka min da shawara don hankalina a tashe yake. Ina da wani kwikwiyo ɗan wata uku da rabi haka, uwarsa Boerboel ce, irin manyan karnukan gadin nan, uban kuma karen unguwa ne, na karɓo shi saboda gadi don ɓarayin batirin sola sun addabi layinmu. To tun shekaranjiya da yamma miyau ke ta zuba daga bakinsa, ba irin ɗan wanda yake yi in ya ga an ɗauko kwanonsa ba, wannan har ƙirjinsa da ƙafafun gaba sun jiƙe sharkaf, buhun da yake kwanciya a kai ma sai da aka shanya. Yana ta sa ƙafa yana goge bakin, wani lokaci ya riƙa motsa muƙamuƙi yana wasa da harshe alhali ban ga komai a ciki ba.

Abinci in an kawo da gudu yake zuwa, amma sai ya ɗan lasa ya ja da baya ya tsaya yana kallon kwanon. Ruwa kam yana sha sosai. Ba amai, ba gudawa, in na kira shi yana zuwa yana kaɗa wutsiya. Yau da safe na ji bakin ya fara wari.

Maganar allura, wanda na karɓa a hannunsa ya ce an yi masa ta farko amma ba kati. Maƙwabcina ya leƙo ya gani ya ce wannan haukar kare ce kawai, in kashe shi ko in sa a buhu in kai shi can bayan gari in yar tun kafin ya ciji wani. Abin da ya fi damuna kenan, don yara na wasa da shi kullum, jiya ma haƙorinsa ya karci ƙaramar 'yata a bayan hannu wajen wasa, shekararta 5, har ɗan jini ya fito kaɗan. Uwarta tun jiya ba ta runtsa ba. Me kuke gani dan Allah? Ngd.

Maman_Joy_TudunWada:

Ɗana sannu da fama, Allah ya sauwaƙe. Kar ka yi saurin kashe dabbar nan tukuna. Ni tun ina budurwa gidanmu ba ya rabuwa da karnuka, kuma watannin da ka faɗa daidai lokacin famfara ne. Kwikwiyo haƙoransa na nono 28 ne, daga wajen wata uku zuwa huɗu suke fara zubewa, manya guda 42 su fito, zuwa wata shida ko bakwai an gama. A tsakanin nan dasashi na ƙaiƙayi yana zafi, miyau ya ƙaru, ba silifas ɗin da zai tsira a gidan, wani lokaci ka ga ɗigon jini a abin da ya tauna ko ka tsinci ɗan haƙori a ƙasa kamar ƙwayar shinkafa. Ni abin da nake yi in jiƙa tsohon tawul in murɗe in sa a firiza in ba shi ya yi ta tauna, ko karas mai sanyi tunda Allah ya hore mana shi a nan Jos, abincin kuma in jiƙa da ruwan ɗumi ya yi laushi.

Amma fa gaskiya ban taɓa ganin famfara ta jiƙe buhun kwanciya ba, kuma mai famfara yana cin abincinsa, sai dai ya ci a hankali. Wannan zuwa da gudu a lasa a ja da baya, yunwa yake ji amma wani abu na hana shi.

Na biyu kwaɗo. Yanzu damina ce, in kun bar ƙwan waje a kunne ƙwari su taru, kwaɗi su biyo ƙwarin, shi kuma yaro ne komai ya motsa sai ya cafka. Kwaɗon nan mai ƙurji-ƙurji a baya yana da wasu kumburi biyu a bayan idanunsa, wani farin ruwa mai ɗaci ke fita daga nan, da ya taɓa bakin kare nan take kumfa ta cika bakin, dasashi ya yi jawur, ya yi ta girgiza kai yana karta baki da ƙafa. Maganinsa a samu tsumma a jiƙa a yi ta goge dasashi da harshe ana wanke tsumman ana sakewa, kan kuma a sunkuyar da shi ƙasa kar ruwa ya sarƙe shi. Sai dai na kwaɗo a 'yan awanni yake wucewa, ba ya kwana biyu. To naka da ya fara tun shekaranjiya ban jin shi ne, sai in kullum dare yana komawa ya kamo wani.

Ka ɗauke shi a mota ko Keke kwanan nan? Ƙanana da yawa jiri ke ɗibarsu a mota, miyau ya yi ta zuba kafin amai ya biyo, amma da an sauka an huta shikenan.

Ita yarinyar a wanke mata hannun da sabulu sosai. Allah ya tsare.

Malam_Gangare:

Wa alaikumus salam. Ni ba masanin ciwon kare ba ne, magana ɗaya ce ta sa na tsaya. Ajiye kare don gadi ko farauta ko kiwo malamai sun halatta, kuma tunda ka ajiye shi to ci da shansa da jinyarsa suna wuyanka, za a tambaye ka. Shawarar nan ta a sa a buhu a kai bayan gari kar ka ɗauka. In lafiyarsa ƙalau ka zalunce shi, in kuma da gaske haukar ce ka ɗauke ta daga gidanka ka kai wa yaran wasu da ke kiwo ko ɗiban itace a wurin. Ka tsare shi a inda yake ka nemi masana. Allah ya ba yarinya lafiya.

DanBukuru_Karnuka:

Oga Sadiq ni sana'ata kenan, Boerboel da Caucasian da Rottweiler nake haɗawa ina sayarwa, to bari in faɗa maka abin da nake gani a hannu. Na farko jinin Boerboel dama masu miyau ne saboda leɓensu a sake yake yana rataye, ba ya riƙe miyau, in sun sha ruwa ko sun yi gudu ko rana ta buga sai ka ga igiya biyu na lilo a gefen baki. Amma wannan halitta ce, tun farko za ka san shi da ita, ba rana ɗaya take faɗowa ba.

Tambayar da nake so ka amsa tsakaninka da Allah, an sa masa maganin kaska ko ƙuma kwanan nan? Ko kai ko wani yaro a gidan ko mai gadi? Don wlh abin da ke kashe mana ƙanana a garin nan kenan ba ciwo ba. Mutum ya ga kaska a kunnen kare sai ya ɗauko Sniper ko fiya-fiya ko maganin feshin gona ko wanda ake wa shanu wanka da shi ya zuba a ruwa da ka, ba awo ba komai, ya wanke kwikwiyo da shi, maganin ya shiga ta fata kuma kare ya lashe sauran. Ba a jimawa za ka ga miyau kamar an buɗe famfo, hawaye, fitsari, gudawa, naman jiki na karkarwa, numfashi na ƙara, daga nan sai jijjiga. Ko feshi aka yi a keji ko a ɗaki don sauro ko kyankyaso ya shiga ya kwanta a jiƙen wurin ya isa. Amitiraz ma da aka yi don kaskar, ba a sa wa ɗan ƙasa da wata huɗu. Sai allurar ibamektin da kowa ya mai da ita ruwan sha, a ɗebo ta shanu a danna wa ɗan kilo 8, sai ka ga yana tangaɗi yana karo da bango ido ba ya gani miyau na zuba.

Ka duba kuma ko an ajiye shinkafar ɓera a sito ko bayan kicin, ko maƙwabta sun sa a nama don ɓeraye ko don karnukan da ke shigar musu. Ka duba Hypo da Izal in da su ake wanke inda yake kwana, in ba a ɗauraye da kyau ba ya lasa yana ƙona harshe. Wayar wuta ma haka, mai famfara ya samu wayar caja ko ta injin ban ruwa ya tauna, wuta ta ƙone masa gefen baki da harshe, ranar ba ka ganin komai sai bayan kwana ɗaya biyu wurin ya yi fari ya ruɓe ya fara wari. Tsohon batiri ma kar ka raina.

Amma yadda ka kwatanta, yana karta baki yana wasa da harshe yana son ci ya kasa, ga wari, ni zuciyata ta fi kwanciya da wani abu ne ya maƙale. Ƙashin kaza, ƙayar kifi, tsinken tsire, guntun kara ko rake. Ka sa wani ya riƙe maka shi ka buɗe bakin ka haska tocila ka zura yatsa ta saman bakin da bayan haƙoran ka ji. In kuma kana zargin guba ka ɗura masa manja cokali uku da madara, mu haka muke yi kafin a kai ga likita.

Dakta_Dabbobi_Jos:

Malam Sadiq sannu. Ni likitan dabbobi ne. Kafin komai, dan girman Allah kar ka zura yatsa a bakin karen nan. DanBukuru ka yi haƙuri, yawancin abin da ka lissafa gaskiya ne kuma na ji daɗi da ka ɗaga maganar Sniper, amma wurare biyu dole in saɓa maka, kuma na farkon rai ne a ciki.

Mutane sun ɗauka haukar kare kala ɗaya ce, kare ya fita yana cizon duk abin da ya gani. Akwai wannan. Amma akwai ta biyu mai shiru wadda ba faɗa a cikinta, jijiyoyin maƙogwaro da muƙamuƙi ne ke shanyewa, kare ya kasa haɗiya, haɓa ta saki baki ya zauna a buɗe, miyau ya yi ta zuba, muryarsa ta canza ta dushe, yana kakari. Duk wanda ya gani cewa zai yi ƙashi ne ya maƙale masa, sai mai shi don tausayi ya naɗe hannun riga ya zura hannu neman ƙashin, ga miyau cike da ƙwayar cutar, ga haƙoran nono masu tsini da ke yanka fata ba ka ma ji ba. Kuma ƙanƙantar kwikwiyo ba ta kare shi, musamman wanda ba a san ko an yi wa uwarsa rigakafi ba. Cutar na iya kwanciya a jiki makonni har watanni kafin ta nuna, wato ana iya kawo maka shi garau alhali tana ciki tun daga inda ya fito. Mu nan Filato karnuka na shigo mana daga jihohi da dama saboda kasuwar Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke, galibi ba wanda ya san tarihin allurarsu, to ba wurin da za a yi wasa da maganar ba ne.

Yanzu in kwantar maka da hankali daidai gwargwado. Abin da ka faɗa bai yi kama da ita sosai ba. Yana shan ruwa yana haɗiyewa, yana rufe bakinsa, ya san ka, halinsa bai juya ba. Kar dai ka dogara da maganar nan ta cewa mahaukacin kare na tsoron ruwa, a mutum ne ake ganin haka, kare yakan je wa ruwan ya sa baki sai dai ya kasa haɗiya. To gobe ka tsaya ka lura da kyau, ruwan na raguwa a kwanon ko dai lasa kawai yake yana zubowa ta gefe. Ni ma zatona ya fi ƙarfi a kan abin da DanBukuru ya ce, ƙashi ko kara da ya gitta a ganɗa tsakanin turamen haƙoran sama na dama da na hagu. In ya zauna a nan mannewa yake, daga waje ba a gani, kare ya yi ta tura shi da harshe, kwana biyu wurin ya fara ruɓa shi ne warin. Amma zato ba gwaji ba ne, kuma hanyar dubawa ita ce a kawo shi asibiti mu sa safar hannu mu yi masa allurar barci mu buɗe bakin a natse. In ƙashin ne ma cire shi da ƙarfi kare na a farke yana iya yaga naman ko ya tura shi maƙogwaro.

Na biyu manja da madara. Irin gubar Sniper da magungunan feshi a mai suke narkewa, ka ba shi mai ka taimaka mata shiga jini ne, sannan dabbar da ke karkarwa ba ta haɗiya daidai in ka ɗura mata abu huhu yake tafiya. Haka ruwan gishiri don ya yi amai, shi kansa gishirin na kashewa, in kuma Hypo ko ruwan batiri ya sha aman zai sake ƙona hanyar da ya bi. In a fata aka sa maganin a sa safar hannu a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa a nufo asibiti da kwalbar a hannu, akwai makarinta, atirofin, kuma yana aiki in an zo da wuri. Naka dai da wuya ya zama wannan, mai irin gubar nan ba ya kai kwana biyu yana kaɗa wutsiya. Farasitamol da ibufurofen na mutane kuma kar a ba shi ko ɓari, suna lalata hanta da ƙoda da ciki.

Akwai biyu da ba a ambata ba kuma dole in kawo su tunda ba ka da kati. Fabo, tana farawa da tashin zuciya, kwikwiyo ya yi ta lasar leɓe miyau na zuba ya ƙi abinci ya yi lakwas, kafin amai da gudawar jini mai ƙarni su biyo, a kwana biyu uku ruwan jikinsa ya ƙare. Sai distemfa, ita da kwantsa a ido take zuwa da majina da tari da zazzaɓi, in ta hau ƙwaƙwalwa sai ka ga muƙamuƙi na tauna shi kaɗai kumfa na fita, tafin ƙafa ya yi tauri. Da ka ce yana motsa muƙamuƙi na ɗan tsaya a nan, ka duba min idonsa da hancinsa. Tsutsar ciki in ta yi yawa ita ma tana tayar da zuciya. Harbin zuma ko rina ko kunama a baki yana sa miyau amma za ka ga kumburi a fuska.

Daren nan ka kulle shi shi kaɗai inda yara da kaji da sauran dabbobi ba sa kaiwa, ka ajiye masa ruwa da ɗan koko ko abinci mai ruwa-ruwa, wanda zai kula da shi mutum ɗaya babba wanda ba shi da ciwo a hannu. Da safe ka kai shi asibitin dabbobi, akwai a Polo, akwai masu zaman kansu a Rayfield da Bukuru. In cikin dare ka ga numfashi na wahala, ko jijjiga, ko dasashi ya yi fari fat ko shuɗi, ko ya kasa tashi, ba a jiran safiya. In kuma Allah ya ƙaddara ya mutu, kar a binne, kar a fasa kan, kar a ba masu ci. A kira likita ya cire kan a sa a ƙanƙara a kai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, tun 1924 take wurin, a ƙwaƙwalwa ake gwada cutar kuma nan kusa da mu ne. Kashe shi a yar da maƙwabcinka ya ce, shi ne zai bar ku cikin duhu game da yarinyar.

Sista_Hauwa:

Baban yarinya ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga kowa ya karkata kan karen, ni ita ce a gabana. Tunda haƙori ya fasa fata har jini ya fito, kuma kare ne marar kati da ke zubar da miyau ba a san dalili ba, to gobe da sassafe a kai ta asibiti, kar a ce sai an ji abin da likitan dabbobi zai ce. Ku raba aikin, kai ka tafi da kare uwarta ta tafi da ita. Yanzu kuma ko da an kwana a sake wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cur, a duba agogo don ya fi yadda ake zato tsawo, sannan a sa aidin ko sifirit. Ba a sa barkono, ba a sa toka ko man birki, ba a ƙona gashin karen a shafa, ba a ɗaure wurin tamau.

A asibiti ku faɗi komai yadda ka faɗa mana nan. Allurar ana yin ta ranar farko, sai rana ta 3, ta 7, ta 14, wasu wuraren har ta 28, kuma in sun ga ciwon ya kai akwai wata daban da ake yi a jikin ciwon kansa, imunogulobulin, ita ba ko'ina ake samu ba sai manyan asibitoci, ku tambaya a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, ko asibitin ƙwararru na jiha. Za su duba maganar tetanos ma. Na san akwai kuɗi a ciki kuma lokacin nan kowa na ji a jikinsa, amma cutar nan da zarar alamunta sun bayyana a mutum kusan ba mai tashi, kafin su bayyana kuma allurar na tare ta. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasin mutum wajen 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, don su ne ke rungumar karnuka kuma su ne ke ɓoye ciwo don tsoron faɗa.

Saboda haka ka tara sauran yaran, har na maƙwabta da ke shigowa, ka tambaye su cikin lallami ba tsawa, wa ya taɓa karta, wa ya lasa a baki ko ido ko kan wani ƙurji. Lasa a lafiyayyar fata ba komai, wanki ya isa. Ka gaida maman, ka ce ta samu ta ɗan kwanta.

Sadiq_Rikkos:

Jama'a Allah ya saka da alheri, Mama, Malam, Oga DanBukuru, Dakta, Sista, ban san da bakin da zan gode muku ba. Ga yadda ake ciki. Maganin kaska ba a sa masa ba, na tambayi kowa a gidan, ido da hanci kuma garau suke ba kwantsa. Da safe muka rabu yadda Sista ta ce. A asibitin dabbobi likita ya sa safar hannu biyu, ya auna zafin jikinsa ya ce ya ɗan haura kaɗan, ya yi masa allura ya yi barci, yana buɗe bakin sai ga shi, guntun ƙashin cinyar kaza ya gitta a saman bakin ya shige tsakanin haƙoran baya ta ɓangare biyu, har naman gefe ya kumbura ya fara rufe shi. Da wani ɗan almakashi mai baki ya zaro shi, warin da ya biyo baya sai da na kau da kai. Ya wanke wurin ya rubuta magani na kwana biyar. Ya kuma nuna min haƙoran gaba biyu da suka zube, wato Mama famfarar ma tana nan. Ashe ranar da abin ya fara an yi baƙi an zuba masa ragowar ƙasusuwa a kwano.

Yanzu da yamman nan ya shanye koko da ƙwai tas, miyau ya ragu sosai sai ɗan kaɗan mai haɗe da jini-jini. Yarinya an yi mata allurar farko an ba su ranakun komawa a takarda.

Tambayata Dakta, tunda an ga ƙashin ai magana ta ƙare ko? Uwar yara na cewa a ci gaba da allurar yarinya, ni kuma ina ganin tunda an gano dalili ko a tsaya haka. Sannan na ce a yi wa karen rigakafin haukar yau ɗin gaba ɗaya likitan ya ce a'a sai nan gaba, ban gane dalili ba kuma layi ya yi yawa ban samu na tambaya ba.

Dakta_Dabbobi_Jos:

Alhamdulillahi, madalla. Amma Malam Sadiq maganar uwar yara ita ce daidai, a kai ta rana ta 3 da ta 7 kamar yadda aka rubuta. Ganin ƙashi ya bayyana miyau, bai ba mu tarihin karen ba, kuma ƙwayar haukar na iya fitowa a miyau 'yan kwanaki kafin kare ya nuna komai. Shi ya sa ake tsare shi kwana 10, daga ranar da ya karce ta za ka fara ƙirga ba daga yau ba. Karen da ke da cutar a miyaunsa ranar da ya yi cizo, cikin kwanakin nan zai kwanta ko ya mutu. In ya cika su yana ci yana sha yana wasa to bai sa mata komai ba, ka mai da shi likita ya gani ya rubuta maka, ka kai takardar inda ake mata allura, su ne za su ce a tsaya ko a ƙarasa, ba ni ba kuma ba kai ba.

Dalilin da abokin aikina ya ƙi yi masa rigakafin yau biyu ne. Ba a yi wa dabba mai zazzaɓi da ciwo rigakafi, jikin ba ya karɓa yadda ake so. Sannan ba a yi cikin kwana goman tsaro, don in allurar ta ɗan kwantar da shi za mu rikice mu kasa bambance ita ce ko cutar. Yana fita tsaron a yi masa, ya riga ya wuce wata uku da ake farawa, sai maimaici duk shekara. Ta fabo da distemfa tunda ba kati a ɗauka ba a yi ba a faro daga farko, biyu a ƙalla tsakaninsu mako uku zuwa huɗu, da maganin tsutsa, kuma wannan karon ka karɓi kati mai lambar kwalba da sa hannu. Kafin ya gama su kar ya fita layi ya cuɗanya da wasu karnuka.

Abinci mai laushi na mako ɗaya, ƙashin da aka dafa ko aka soya a daina ba shi kwata-kwata don tsagewa yake, a faɗa wa masu kwashe kwanuka su ma. Maganin a ƙarasa shi ko ya warware. In jibi miyau bai tsaya ba ko warin ya dawo ko ka ga abinci na fitowa ta hanci, ka mai da shi a sake duba ganɗar.